Shekarar da Doya Ta Yi Arha

Alhamis, bayan la'asar. Watan Ƙaramar Salla, 1299.

Kasuwa ta ci, sai hamdala. Marka ta zauna, kuɓewa ta yi yawa har masu ita na roƙo a taya. Gauta da yalo haka, rama da yakuwa kuwa ko akuya ta ƙoshi da su. Albasa ce mai tsada kamar kowace damina, uku wuri goma, su ma ƙanana. Tun ina da ƙuruciya nake dillancin kayan gwari a rumfar nan, ni Ma'u, ban taɓa ganin marka ta zo albasa ba ta hau ba. Mahaifina malami ne, ya koya mini rubutu don addu'a, ga ni ina cinye takardun da ya bari da zancen kuɓewa. Allah Ya yafe mini.

Mai lambun Kutemeshi ya zo. Bari in faɗa sau ɗaya, tunda takarda ba ta tsegumi: ɗana ne na fari. Ba na kiran sunansa, ban taɓa ba, ba kuma a nan zan fara ba. Ana yaye shi yayata ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi. Ya girma, ya auri Furera, ya tare can cikin daji, doya da damina, albasa da rani a fadama. Duk Alhamis rumfata yake sauke kaya. Ba na duban fuskarsa, ba ya duban tawa. Yana da baƙin jaki mai yankakken kunne, Duna, to da shi muke zance.

Na ce, "Duna, ka rame. Ba a ba ka abinci ne a gidanku?"

Yana kwance kaya ya ce, "Duna, gaya wa masu rumfa lafiya lau muke."

Na tura wa jakin ƙwaryar dusa da ɓawon dankalin da nake tara masa. Huraira mai daddawa, maƙwabciyar rumfata, ta ce kaf Birnin Gwari ba jaki mai gatan wannan, saura a yi masa lalle. Na ce ta ji da warin kayanta.

Da zai tafi ya tsaya yana gyara igiya, ya daɗe. Can ya ce, "Duna, tambaye su. Sauran albasar da ke rataye a ɗaki, a kwaso ta duka kasuwa mai zuwa? Ana ta maganganu a hanya. Wasu sun ce gara a shigo gari."

Na ce, "Duna, mai hankali ba ya zubar da albasa yanzu. A bari ƙarshen marka, sai ta ninka. Maganganu kuwa yaushe aka daina su?"

Ya ce to. Shi dai kullum to.

Asabar, da hantsi.

Babu nono a gari. An ce Fulanin da ke bayan ganuwa sun tashi da shanunsu tun kafin asuba. Da marka, ciyawa har gwiwa, ina Bafillatani za shi? Na dama fura da ruwa.

Alhamis, da almuru.

Kayan Randagi ba su zo ba. Ko kwando ɗaya. 'Yan sari sun tsaya cirko-cirko a bakin hanya har rana ta take, suka dawo suka rufar wa 'yan kayan da suka shigo ta gabas. Kuɓewar da ake roƙo a taya wancan mako yau har da rantse-rantse a kanta. Kuɓewa da tsada a tsakiyar marka, ban taɓa gani ba.

Mai lambu ya zo, da Furera da yaran biyu a bayansa, da ƙunshin kayansu. Wai su kwana biyu a wurina, an yi kewar kaka. Ban tambaya ba. Albasa kaɗan ya kawo, ɗaurin nan nasa na bahago da ake murɗa ganyen ta hagu, ko a cikin dubu na san shi. Kafin ya gama saukewa an saye.

Hadari ya haɗo ta gabas. Na ce, "Duna, ga ruwa nan tafe. A kwana mana."

Ya ce, "Duna, gaya musu albasa ba ta son a bar ta da danshi da ɓera. Ga doya kuma ta kusa yanka."

Na buɗe baki in ce a bar albasar. Huraira na zaune, masu sari na tsaye, duk idonsu a kaina. Na ce, "To, a bi a hankali da jakin mutane."

Na bi bayansa da kallo har ya shige ƙofar gari. Baya dai ba wanda ya hana a duba.

Juma'a, da la'asar.

An rufe ƙofar yamma tun rana na sama.

Lahadi, da walaha.

Ƙaramin jikan ya ce mini tsohuwa mai rowar gyaɗa, na ce ni na fasa auren ma, miji ba ko wando. Muka yi dariya. Furera ba ta yi ba, tana ta tsince wake ɗaya tun safe.

Alhamis, bayan magariba.

Bai zo ba.

Ba shi kaɗai ba ne, kada in ɗaga hankalina. Azumi ma ba ta zo ba, Bagwariyar nan da ke kawo mini gauta da kabewa a kafaɗa, wadda ko ranar da ta haihu sai da ta aiko ƙanwarta. Rabin rumfuna a wofi. Albasa biyu wuri goma, ita ma sai ka san mai ita.

Duk wanda ya shigo ta hanyar daji na tare shi. "Albasar Kutemeshi ba ta iso ba?" Wani ya ce bai sani ba. Wani ya ce ruwa ya cika rafi, watakila shi ne. Wani tsoho mai itace ya dube ni ya dubi ƙasa ya wuce. Na yi ta tambayar albasa har muryata ta dishe, Huraira ta kamo zanena ta zaunar da ni.

Ta ce, "Ma'u, kowa ya san albasar da kike nema. Zauna ki sha ruwa."

Na ce ni kayan mutane nake nema, 'yan sari sun dame ni. Dusar Duna na mayar da ita gida.

Rafi ne ya cika. Da marka rafin nan yakan hana jaki wucewa.

Litinin, da azahar.

Doya ta shigo gari yau, ba ranar kasuwa ba. Ban taɓa ganin doya haka ba, a kan takarkarai, a kan jakuna, a kan mutane, ana ta jibgewa har ta tare hanyar mahauta. Masu ita baƙi ne, harshensu na yamma, hannuwansu ba na masu riƙe fartanya ba. Daga sansanin nan suke da aka kafa a hayin kogi, wanda ba a son a yi zancensa.

Doyar fari, ƙwarya guda, wato ɗari, dubu biyu take fara fita kowace shekara, masu hali ne kawai ke taɓawa. Yau ɗari takwas suka ce, da aka taya ɗari shida suka sallama. Gari ya ruɗe. Mata da ƙore, maza da taiki, har masu bara sun sayi doya. Wata ta ce mini bana Allah Ya tuna da talaka.

Na tsuguna na juya guda. Har da kan aka tono ta. Na juya wata, haka. Duk tsibin haka, ga saran fartanya a jikinsu ko'ina.

Wanda bai san doya ba ba zai ga komai ba. Doyar fari yanka ta ake yi, a tone gefe a hankali a yanke jikin, a bar kan cikin ƙasa a rufe, shi ne zai sake yin 'ya'yan da za a shuka baɗi. Manomi ko yunwa za ta kashe shi ba ya tumɓuke kai. Sannan Gwarawan dutse ba sa fitar da sabuwar doya sai tsofaffinsu sun ɗanɗana, kuma lokacin bai yi ba, da na ji. Wanda ya tono wannan ba shi ya shuka ta ba, ba ya kuma tunanin baɗi.

Na sami Labaran Sarkin Kasuwa na ce, "Sarki, ka duba kawunan nan?"

Ya ce, "Na duba, Inna Ma'u. Daga sama aka ce a bar su su ci kasuwa, kada a tambaye su komai. Muddin suna saye da sayarwa a nan, ba za su shigo da wata fuskar ba. Ki sa musu kuɗi kawai."

Na ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ya ce, "Rufa mini asiri ki rage murya."

Na sa musu kuɗi. Na shiga tsakani, na ce albarka, na ce a ƙara, na ce a sallama, kamar kullum. Suka ba ni la'adata na karɓa.

Talata, da almuru.

Duk gidan da ka wuce ana daka sakwara. Furera ma ta dafa, yara sun ci har suna lasar hannu, me suka sani. Na ce cikina ke ciwo.

Ban san doyarsa ba. Doya ba ta da ɗauri. Ta iya zama ta Randagi, ta iya zama ta ko'ina.

Ba ni na ce ya zauna ba. Kuɗin albasa na faɗa.

Laraba, da hantsi.

Azumi ta zo. Na hango ta daga nesa ban gane ta ba, don ban taɓa ganin kafaɗarta ba kaya ba. Ƙafafunta duk ƙaya. Ta zauna a bakin rumfa ba sallama.

Ta ce, "Inna, ba kaya."

Na ce, "Na gani. Ina mutanen gida?"

Na ba ta fura, ta riƙe ba ta sha ba.

Na ce, "Ta Kutemeshi kika biyo? Albasar can ta yi wuya."

Ta ce, "Hanyar can ba a bi, Inna. Ni dutse na bi, dutse, dutse, har nan."

Sai ta ga tsibin doyar da wani ɗan sari ya kasa a gefenmu. Ta tashi ta ɗauki guda, ta share ƙasar da babban yatsa, ta daɗe tana duban kan. Ta yi magana da harshensu na Gwari, ba da mu ba. Mai kayan ya ce in ba saya za ta yi ba ta ajiye. Ta ajiye a hankali yadda ake ajiye jariri. Na kai ta gida, tana ɗakin baya, har yanzu ba ta ce a ba ta komai ba.

Alhamis, da la'asar.

Bai zo ba.

An ƙara kawo doya. Ɗari uku, ɗari biyu, ba mai taya. Doyar fari da sara a jiki ba ta kwana, ta Litinin ta fara ruɓa a hannun 'yan sari, waɗanda suka kwasa da yawa suna zagin juna. Kwantai ko'ina, ƙuda ya rufe kasuwa, wari har masallaci. Kabewa ma sun kawo, ɗanya shar, an tsinko ta da yaɗonta. Barkono da reshensa.

Albasa kuwa ɗaya wuri goma. Ta ninka, har ta wuce. Na faɗa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ban taɓa kuskuren albasa ba, kowa ya shaida, ga shi bana ma ban yi ba.

Asabar, da asuba.

Na ji kukan jaki na fita ba mayafi. Na masu gishiri ne.

Lahadi, bayan azahar.

Furera ta shigo ɗakina ta durƙusa. Tun zuwanta ba ta taɓa doguwar magana da ni ba.

Ta ce, "Inna, an ce ana fansar mutane a hayin kogi. Wani mutum ya karɓo ƙaninsa. Sai dai a je a faɗi suna da gari, su duba cikin waɗanda ke hannu."

Na ce, "Wa ya ce miki yana hannu? Rafi ne ya cika."

Ta ce, "Inna, rafi ya janye tun jiya. Masu itace sun faɗa."

Ita ba ta kiran sunan miji, ni ba na kiran na ɗan fari. Mata biyu a ɗaki ɗaya, ita tana cewa maigidan, ni ina cewa mai lambu, sai ka ce zancen mutum biyu muke yi. Ta fashe da kuka, na ce ta yi a hankali yara na tsakar gida. Ni ban yi ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban suruka.

Na aika aka kira Huraira, muka tafi wurin Labaran. Ita ta faɗi sunan, ni ina duban bango. Ya ce in sha Allahu zai sa a bincika.

Talata, da walaha.

Labaran ya hango ni ya canza hanya.

Laraba, da magariba. An ga watan Zulƙida.

Ina jin tsoro. Bari in rubuta shi ƙarara tunda ba mai gani. Ina jin tsoro, ba na barci, kuma ina son yaron nan fiye da duk waɗanda na goya na yi wa rawa na kira da sunayensu. Ban san ko ya sani ba. Ina zai sani, jaki nake ba dusa.

Kuɗin albasa na faɗa. Abin da aka tambaye ni ke nan.

A'a. Ya ce ana maganganu a hanya.

Alhamis, da la'asar.

Zan rubuta yadda ya faru, daki-daki, kada gobe in ce mafarki ne.

Da hantsi kasuwa ba kowa sai ƙuda. Ina zaune ina korar su daga 'yar yakuwar da ta rage, sai na ji hayaniya ta wajen ƙofa, wani yana tsawa yana dukan dabba. Jaki ne ya ƙi bin inda ake jansa. Ya ratso ta tsakanin masu tukwane, ya ja mai riƙe da shi har yana tuntuɓe, ya wuce rumfar Labaran, ya wuce masu gishiri, ya zo ya tsaya a gabana, daidai gindin turken da ake ɗaure shi. Ya miƙo baki yana neman ƙwarya.

Ya rame ƙwarai. Wannan karon da gaske.

Mai janye da shi saurayi ne, baƙo, da tsage a kumatu irin wanda ban sani ba. Ba shi da fuskar mugunta. Gajiya ce kawai a tare da shi, da goro a baki. Ya ce, "Tsohuwa, ke ce dillaliya? Wannan shegen jakin ya san hanya ya fi ni. Ga albasa, an ce tana tsada a garinku. A sa mana kuɗi."

Ya kwance mangala ya zazzage. Manya, jajaye, busassu sarai, ko ɗaya ba ta tsira ba. An kula da su. Kowane ɗauri an murɗa shi ta hagu.

'Yan sari suka taso kamar an buga musu ganga. Huraira ta miƙe tsaye ta dafa ni.

Na ce, "Duna." Na ce, "Duna, ina ka baro shi?"

Saurayin ya yi dariya, ya ce tsohuwa da jaki take magana. Sai na dube shi, na ce, "Samari, ina mai jakin nan?"

Ya daina tauna. Ya waiga ko akwai nasu kusa. Ya rage murya ya ce, "Suna da yawa a can, Iya. In naki ne ana fansa. Wane ne? Faɗi sunansa, ina jin ana kiransu da safe."

Huraira ta buɗe baki za ta faɗa a madadina. Na riƙe hannunta. Kasuwa ta yi tsit, ko ni ce na daina ji, ban sani ba. Labaran na tsaye, masu sari na tsaye, matan da suka san ni tun ina amarya na tsaye.

Na ce, "Mu'azu. Mu'azu na Kutemeshi. Ɗana ne."

Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. Wata tsohuwa ta kama baki.

Saurayin ya maimaita sunan, ya girgiza kai, ya ce babu mai wannan suna cikin waɗanda ake kira. Sai ya dubi jakin, ya dubi albasar. Ya ce, "Wani dogo, bahago?"

Na ce shi ne.

Ya tofar da goron. Ya ce, "An ce masa ya saki igiyar. Sau nawa ana gaya masa." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Ya sunkuya yana tattara albasar da ta gangara.

Labaran ya matso ya ce a hankali, "Inna Ma'u, a sallame shi ya tafi, don Allah." Na ce ya nemi wani dillalin. Shi ya sa kuɗin da kansa. An ce ba a taɓa sayar da albasa da tsada irin ta yau ba a Birnin Gwari, kafin azahar ko ɓawo bai rage ba.

Jakin ya ƙi tashi daga turken. Saurayin ya ja, ya doka, ya gaji. Huraira ta kwance bakin zanenta ta yi magana da saurayin a gefe, ban san me ta ba shi ba. Ya tafi ya bar jakin.

Juma'a, da hantsi.

Na gaya wa Furera ba zai dawo ba. Azumi ce ta riƙe ta.

Litinin, da almuru.

An ce sansanin ya tashi, sun yi yamma. An buɗe ƙofa. Mutane na yi wa juna barka.

Alhamis, bayan la'asar.

Na fita kasuwa, don zaman ɗaki ya fi ƙarfina. Babu doya ko ɗaya, ba kuma za a gan ta ba. Wani manomi daga gabas yana yawo rumfa rumfa yana neman iri tun yanzu, ko nawa ne zai biya, aka yi masa dariya. Waɗanda suka ce Allah Ya tuna da talaka yau suna tambayata yaushe kaya za su sauko. Na ce su tambayi wanda zai shuka.

Duna na gida a ɗaure, yana cin dusa, ya fara murmurewa. Da safe na tsaya a kansa na buɗe baki, sai na rasa abin da zan ce masa. Ba wanda zai kai wa.

Mu'azu. Ga shi na rubuta, bai ci ko rabin layi ba. Ni na haife shi, sau ɗaya na kira sunansa da bakina, shi ma wani ne ya ji.